Yaushe sabon mahayi yake isa shiga gasar diresaj ta matakin farko?

"Assalamu alaikum Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye da ke ƙasar Ringim, kuma muna da dawaki biyu a gida tun zamanin mahaifinmu. Ɗana mai shekara 15 yana hawa tun yana ƙarami, ya yi hawan Sallah sau uku a tawagar hakiminmu, kuma ba ya tsoron sukuwa ko kaɗan. Kwanan nan ya ga wani wasan dawaki a waya wanda ake kira diresaj, inda mahayi yake zagaya fili shi kaɗai alƙali yana ba shi maki, ya kuma ji cewa akwai gasar sababbin shiga wadda ake aika bidiyo ta intanet. Ya matsa mini sai ya shiga. Shin hawan da ya iya ya ishe shi, ko da sauran shiri? Ta yaya zan gane ya isa?"

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya raya maka shi ya albarkaci rayuwarsa. Tambayarka a fili ɗaya ce, amma abubuwa uku ne a cikinta. Kana son sanin ko hawan gargajiyar da yaron ya tashi da shi zai wadatar da shi a wannan sabon fage, kana kuma neman alamomin da za ka gani da idonka ka tabbatar ya isa. Na ukun ba ka ambace shi ba, alhali a wajena ya fi sauran nauyi, shi ne ko dokin da zai hau ya shirya. A wannan wasa mahayi da doki tare ake auna su, kuma mafi yawan makin yana fitowa ne daga abin da alƙali ya ga dokin yana yi. Amsata a taƙaice ita ce, bisa abin da ka bayyana, mai yiwuwa bai isa ba tukuna, amma tazarar ba ta da tsawo. Abin da ya rage masa natsuwar hannu ce da daidaiton zama, tare da sake wa dokin tarbiyyar baki, kuma waɗannan watanni suke ci.

Mene ne diresaj, kuma me ake nema a matakin farko?

Kalmar daga Faransanci take, ma'anarta horarwa. Asalin abin horon dawakin mayaƙa ne a ƙasashen Turai, domin doki ya riƙa juyawa, ya tsaya, ya tashi da ƙaramar ishara. Ya shiga wasannin Olamfik a shekarar 1912 a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, kuma hafsoshin soja kaɗai ake bari su fafata har zuwa 1952, lokacin da aka buɗe wa farar hula da mata. Hukumar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921 kuma take da mazauni a Lozan ta ƙasar Suwizalan, ita ke tsara dokokin manyan gasa. Ƙananan matakai kuwa ƙungiyar kowace ƙasa ce ke rubuta jarrabawarsu, shi ya sa za ka tarar da ɗan bambanci tsakanin ta Ingila da ta Amurka.

Abin da yaronka ya gani a waya, inda doki yake taka rawa a wuri guda ko yake ratsa fili a karkace, ƙololuwar wasan ne, kuma doki yakan shafe shekaru masu yawa ana horar da shi kafin ya kai nan. Matakin sababbin shiga ya sauƙaƙa ƙwarai. Ana yin sa galibi a fili mai faɗin mita 20 da tsawon mita 40, an kafa haruffa a gefensa. Mahayi yana shiga ta harafin A, ya miƙe ta tsakiyar fili ya nufi harafin C inda alƙali yake zaune, sannan ya bi jerin umarnin da aka rubuta tun da farko: zagaye mai faɗin mita 20 a nan, ratsa fili daga kusurwa zuwa kusurwa a can, sauka daga sassarfa zuwa tafiya a daidai harafi kaza, a ƙarshe ya tsaya cak ya gaida alƙali. Jarrabawar farko tafiya ce da sassarfa kawai. Ƙaramar sukuwa, wato gudun nan mai taku uku da doki yake yi cikin kwanciyar hankali, sai an ɗan matsa gaba take shigowa. Duka abin bai cika wuce minti biyar ba.

Kowane motsi ana ba shi maki daga 0 zuwa 10. Biyar na nufin an yi amma da ƙyar, shida an gamsar, bakwai da ɗan kyau, takwas ya yi kyau. A ƙarshe a haɗa a mayar da shi kashi cikin ɗari. Akwai kuma makin da ake bayarwa a kan zaman mahayi da yadda suka fahimci juna da dokinsa. Wanda ya ɓata hanya ana cire masa maki, in ya yawaita a fitar da shi. A gasa da yawa yin magana da doki ko ƙyasta masa harshe ma laifi ne da ake rage maki a kansa, kuma wannan yakan ba mutanenmu mamaki domin mun saba da yi wa doki magana. Idan doki ya fice daga fili da ƙafafunsa huɗu, ko mahayi ya faɗi, ko aka ga jini a bakin doki ko a haƙarƙarinsa, gasar ta ƙare ga wannan mahayi.

Inda hawanmu na gida yake taimakawa, da inda yake kawo cikas

Ba na son kowa ya raina hawanmu. Yaron da ya shiga jerin gwanon Sallah, ga kalangu ga algaita ga ƙarar bindigar 'yan bindiga, dawaki suna haniniya ta ko'ina, ya kuma dawo gida lafiya a kan sirdinsa, ya mallaki abin da sababbin mahaya na wasu ƙasashe suke daɗewa suna nema, wato rashin firgita. Ba banza ba hukumar UNESCO ta sanya hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a 2024. Dokinku ma da ya saba da taro ba zai razana don ya ga farin allo mai harafi ba. Wannan jari ne babba.

Sai dai abin da ake yaba wa mahayi a ƙofar fada da abin da alƙalin diresaj yake nema sun sha bamban, wani lokaci ma kishiyoyin juna ne. A wajen jafi ana son doki ya taso da ƙarfi, a ja linzami ya yi zamiya, ƙura ta tashi. Ana son ya ɗaga kai, ya yi taƙama, in ya yi tabariya ma 'yan kallo su yi guɗa. A diresaj kuwa ɗaga kai sama da buɗe baki da 'yar rawar nan da doki yake yi a maimakon tafiya duk alamun takura ne, kuma kowanne yana zubar da maki. Abin da alƙali yake fara dubawa shi ne daidaiton taku: tafiya ta fito da taku huɗu a rarrabe, sassarfa da taku biyu, ba sauri yanzu sanyi anjima ba. Daga nan sai sakin jiki, wato bayan doki ya yi laushi, wuyansa ya miƙa gaba, wutsiyarsa tana lilo a hankali. Na uku shi ne doki ya yarda da linzami, ya kwantar da bakinsa a kansa ba tare da gudu ko jayayya ba. Waɗannan uku su ne matakan farko a tsanin horo mai hawa shida da Jamusawa suka tsara, kuma a gasar sababbin shiga kusan su ne komai.

A nan ne maganar linzami take shigowa, kuma ina roƙon ka ba ta muhimmanci fiye da duk abin da zan faɗa. Linzaminmu na gargajiya, mai harshen ƙarfe da ke tokare ganɗa da zoben da ke kewaye haɓa, an ƙera shi ne domin ya tsayar da ingarma mai gudu nan take da hannu ɗaya. Saboda zafinsa, mahayi yakan bar ragama a sake, sai lokacin tsayawa ko juyawa ya fizga. Doki sai ya koyi cewa duk lokacin da ya ji ƙarfe ya motsa a bakinsa, zafi na tafe, don haka yana jin an taɓa ragama sai ya wurga kai sama ko ya maƙale haɓa a ƙirji. A ƙananan matakan diresaj ba a yarda da irin wannan linzami ba. Ana amfani da mai sauƙi, sandar ƙarfe mai santsi mai gaɓa a tsakiya da zobe a kowane gefe, wanda ake riƙewa da hannu biyu, ragama a miƙe ba a sake ba, da nauyin da bai wuce na riƙe hannun ƙaramin yaro a kasuwa ba. Ka ga ke nan abu biyu za a sake ginawa lokaci guda. Dokin zai koyi cewa wannan ƙarfen ba ya cutarwa, yaron kuma zai koyi tsayar da doki da zamansa da cinyoyinsa da numfashinsa kafin hannunsa.

Na taɓa yin kuskure a kan wannan, kuma har yau ina tunawa da shi. Wani saurayi ya zo wajena da bikilin ingarmansa, gwanin sukuwa ne a garinsu. Da na ga yadda yake zaune daram a kan sirdi, sai na yi gaggawa, na sauya wa dokin linzami a mako na farko, muka fita kilisa a buɗaɗɗen fili. Dokin yana jin babu zafin da ya saba da shi sai ya kwasa da gudu ya nufi barga, saurayin yana ja da iya ƙarfinsa amma a banza. Allah ya tsare bai faɗi ba, amma laifin nawa ne, ba nasa ba kuma ba na dokin ba. Tun daga ranar ba na sauya linzami sai a cikin killataccen wuri, a tafiya kawai, ana tsayawa ana tashi, ana saki da zarar doki ya amsa, har sai ya fahimci tsayuwa da ƙaramar ishara. Wannan bikilin sai da muka cinye rani guda kusan cur kafin ya daina buɗe baki ya fara sauke wuyansa da kansa.

Sirdi ma haka ne. Sirdinmu mai tudu gaba da baya yana rungume mahayi, likkafarmu kuma mai faɗi ce kamar faranti, don haka yaro zai iya shekara da shekaru yana hawa bai san cewa sirdin ne yake riƙe da shi ba. Ranar da aka ɗora shi a kan shimfiɗaɗɗen sirdi irin na 'yan folo, sai ka ga yana neman abin kamawa, abin da ya fi kusa da hannunsa kuwa shi ne ragama, wato bakin doki.

Alamomin da za ka duba a wajen yaron

Yawan shekarun hawa ba ya cikin ma'aunina, haka ma jarumta. Gwajin farko da nake yi wa kowa shi ne na igiya. A ɗaura wa doki doguwar igiya a ragamar kansa, babba ya tsaya a tsakiya yana zagaya da shi, yaron yana bisa ba tare da riƙe linzami ba, hannuwansa a ƙugu. In zai iya tafiya da sassarfa ta dama da ta hagu a haka, yana tashi yana zama daidai da takun dokin, bai kama sirdi ba, ƙafarsa ba ta lilo, to zamansa ya tsaya da kansa. Wannan tashi da zama a cikin sassarfa an yarda da shi a ƙananan matakai, har ma an fi son sa ga sabon shiga domin yana sauƙaƙa wa bayan doki. Ƙa'idarsa ita ce mahayi ya tashi a lokacin da ƙafar gaba ta wajen zagaye take miƙawa gaba, in an juya ana zagayawa ta ɗaya hannun kuma ya zauna taku ɗaya na ƙari domin ya koma daidai. Yawancin yaranmu ba su taɓa yin sa ba, domin daga tafiya sai sukuwa muka saba, amma mai shekarun ɗanka yakan kama shi cikin 'yan makonni.

Idan ka tsaya a gefe ka dube shi, ya kamata kunnensa da kafaɗarsa da ƙugunsa da diddigensa su zama a layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, sannan daga gwiwar hannunsa zuwa bakin doki a sami wani miƙaƙƙen layin. Mai hawan gargajiya yakan tura ƙafa gaba ya jingina baya. Hakan yana da amfani wajen zamiya, amma a nan yana sa ƙafar ta bar inda ya kamata ta yi wa doki magana.

Bayan zama sai iya tuƙi. Ka sa shi ya yi zagaye mai faɗin mita 20 a kan ƙasar da aka share, sannan ya sauka ku je ku duba sawun kofato tare. Sawun ba ya ƙarya. Mafi yawan sababbin shiga ƙwai suke zanawa ko wani abu mai kusurwa, dokin yana faɗawa ciki ta gefe ɗaya yana ficewa ta ɗaya gefen. Haka nan miƙewa ta tsakiyar fili daga A zuwa C ba tare da tangaɗi ba ta fi wuya fiye da yadda ake zato, domin babu shinge da doki zai bi. Ka duba kuma ko zai iya sauka daga sassarfa zuwa tafiya a lokacin da jikinsa ya zo daidai da harafin da aka ce, ba taku biyar kafinsa ko bayansa ba, kuma ba tare da kan dokin ya tashi ba. Sannan ya tsaya cak na ɗan lokaci, ya mayar da ragama hannu ɗaya, ya sauke ɗayan, ya sunkuyar da kai, dokin bai motsa ba. Dawakinmu da yawa ba su iya tsayuwa shiru da mutum a bisa ba, domin ba a taɓa neman hakan a wajensu ba.

Akwai wani motsi da ke cikin kusan kowace jarrabawar farko wanda nake ɗauka a matsayin madubi, wato tafiya da sakakkiyar ragama. Mahayi yana barin ragama ta zame a hannunsa a hankali, dokin ya miƙa wuya gaba da ƙasa, ya faɗaɗa taku, ya ratsa fili, sannan a tattara ragamar ba tare da ya zabura ba. A jarrabawa da yawa makin wannan motsi ninki biyu ne. Dokin da yake tsoron hannun mahayinsa ba zai yi shi ba, kuma babu dabarar da za ta ɓoye hakan. Ranar da ka ga dokinku ya yi wannan da ɗanka a bisa, ka san an ci rabin tafiya.

Na ƙarshe shi ne halin yaron kansa, kuma kai ka fi ni sanin wannan. Me yake yi idan doki ya ƙi abin da ya nema? In bulala ko ƙaimi ko fizgar linzami ne amsarsa ta farko, bai isa ba tukuna ko da zamansa ya yi kyau. Ana buƙatar ya haddace jerin umarnin, ya iya zana shi a ƙasa da tsinke, ya kuma taka shi da ƙafarsa. Gasa da yawa ta ƙananan matakai tana yarda wani ya tsaya a gefe yana karanta wa mahayi umarnin, amma ni na fi son a haddace, domin mai jiran a faɗa masa kullum a makare yake shirya dokinsa.

Ma'aunin da nake amfani da shi a aikace shi ne wannan: ya yi jarrabawar daga farko zuwa ƙarshe a gida, a ranaku uku mabambanta, ba ɓatan hanya, ba fita daga fili, ba jayayya da bakin doki, kuma ɗaya daga cikin ranakun a tara masa mutane su tsaya kallo. Ba na jiran sai komai ya yi kyau. Matakin farko don masu koyo aka yi shi, kuma wanda ya ce sai ya ƙware zai shiga ba zai taɓa shiga ba. Sharaɗin da ba na sassautawa shi ne lafiyar yaro da jin daɗin doki.

Dokin da filin

Cikin dawakinku biyu ka zaɓi wanda ya fi sanyin hali ko da bai kai ɗayan kyau ba, kuma wanda ya haura shekara huɗu, domin ƙungiyar Ingila ma ba ta karɓar wanda bai kai haka ba. Girman doki ko asalinsa ba sharaɗi ba ne, dokinmu na Arewa zai iya wannan mataki sarai. Abin da zai hana shi shi ne ɗingishi, ko gyambon sirdi a baya, ko rauni a baki da tsohon linzami ya bari. Ka sa likitan dabbobi ya duba haƙoransa, domin turamen doki sukan yi kaifi a gefe su yanki kumatu, sai a ɗauka taurin kai ne. A gyara kofato, a ba shi maganin tsutsar ciki, a cire kaska. Akwai kuma wani abu da ya shafe mu musamman: dokin da aka koya wa tafiya irin ta raƙumi, ƙafar gaba da ta baya na gefe ɗaya suna tashi tare, yana da daɗin hawa a doguwar tafiya, amma a diresaj babban aibi ne kuma gyaransa yana da wuya. In ɗaya daga cikin naku haka yake, ku ɗauki ɗayan. Dokin da yake wuni a turke yana cin dawa da dusa kuma ba a fita da shi sai jefi-jefi, ƙarfi zai yi masa yawa ya hana shi natsuwa. A ƙara masa harawa da ciyawa, a rage hatsi, a riƙa fita da shi kusan kullum ko da na rabin sa'a ne.

Fili ba sai an kashe kuɗi ba. Bayan kaka ka ware wani shimfiɗaɗɗen ɓangare na gona, a baje kunya, a tone kututturen kara gaba ɗaya domin yana huda kofato. Ka guji yashi mai zurfi irin na wasu jigayinmu domin yana gajiyar da jijiyar ƙafa, ka kuma guji laka ta fadama da ta bushe ta tsage. A auna mita 20 da 40, sannan a auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta. In an sami mita 44 da ɗigo 7 ta kowane ɓangare, kusurwoyin sun daidaita. A na tsakiyar gajeren gefe ɗaya, C na tsakiyar ɗayan. Mai shiga ta A zai sami K da E da H a hagunsa, F da B da M a damansa. E da B suna tsakiyar dogayen gefuna, sauran huɗun kuma kowanne mita 6 ne daga kusurwarsa. Tsakiyar filin ita ake kira X, ba a kafa mata alama. Tsofaffin jarkoki da aka rubuta wa haruffa sun wadatar, gefen kuma a shata shi da toka ko a jera itace a kwance. Abin lura ga yaron: zagayen mita 20 da aka fara daga A yana taɓa dogon gefe a mita 10 daga kusurwa, wato mita 4 gaba da K ko F, ya kuma ratsa ta X. Wanda ya nufi harafin kansa ya ɓata siffar.

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ya fi dacewa da wannan aiki. In bazara ta shigo, a yi da sassafe kawai.

Kada ya hau ba hular kwano ta mahaya, ko a gida ko a gasa. Hukumar FEI kanta ta wajabta ta ga masu diresaj tun daga 2021. Takalmi ya zama rufaffe mai ɗan tudun dunduniya, domin siririyar likkafa tana iya haɗiye ƙafar mai silifa, in ya faɗi doki ya ja shi. Irin waɗannan kaya da sirdin da linzamin ana samun na hannu a wajen masu kula da dawakin folo a Kano, kuma a cikinsu akwai waɗanda za su iya nuna wa yaron tashi da zama a sassarfa, ko da yake riƙon linzamin folo da hannu ɗaya ne, ba irin wanda ake nema a nan ba.

Shawarar da zan ba ka

Hanyoyin da ke gabanka ba su da yawa. Za ka iya barin sa ya aika bidiyo yanzu, sai dai ina jin tsoron ko dai a ƙi karɓa saboda linzami da kaya, ko maki ya zo ƙasa ƙwarai ya kashe masa gwiwa. Za ka iya hana shi gaba ɗaya, wanda a ganina asara ce, domin horon nan zai gyara masa hannu har a hawan Sallar ma. Abin da na fi so shi ne ka ce masa ka yarda, amma da wa'adi. Wata na farko da na biyu a ba wa sauya linzami da aikin igiya. Na uku a shiga fili ana koyon zagaye da miƙewa da tsayuwa, motsi ɗaya-ɗaya. Sai a na huɗu a fara haɗa jarrabawar gaba ɗaya, kuma kada a yawaita maimaita ta a jere, domin doki yakan haddace ya riƙa yin abu kafin a nema. In dokin ya nuna yana buƙatar fiye da haka, a bi shi a hankali.

Gasar bidiyon da ya ji labari gaskiya ce, akwai masu shirya irinta, kuma ta dace da wanda yake nesa da inda ake taruwa. Ana ɗaukar hoton ne daga bayan harafin C, inda alƙali zai zauna, daga farko zuwa ƙarshe ba yankewa, doki da mahayi suna cikin hoto koyaushe. Ku sa rana a bayan mai ɗauka, ku kuma guji ranar da hazo ya yi yawa. Kafin ka biya ko sisi, ka sa a karanta maka dokokinsu a kan linzami, da sutura, da shekarun doki, da ko suna karɓar ingarma a hannun yaro, domin wasu masu shirya gasa suna sa sharaɗi a kan haka, mu kuwa yawancin dawakin hawanmu ingarmu ne.

Ni aikina a ƙananan matakan nan ya tsaya, wato gyaran bakin doki da zaman sabon mahayi, kuma duk abin da na faɗa a kan abin da ka rubuto na gina shi. Hukunci na ƙarshe sai wanda ya tsaya a gefen fili ya ga yaron da dokin tare. In akwai gogaggen mahayi mai sanyin hannu kusa da ku, ka roƙe shi ya riƙa zuwa ko da sau ɗaya a mako, sauran ranakun kuma a ɗauki yaron bidiyo da waya ya kalli kansa, domin abin da mahayi yake ji a bisa da abin da ake gani daga ƙasa sukan bambanta ƙwarai.

Idan sakamako ya zo, za a aiko da takardar alƙali mai ɗauke da makin kowane motsi da ɗan bayani a gefensa. Kashi 60 ko sama da haka a karon farko abin farin ciki ne, kuma ni ba na matsar da mai koyo zuwa matakin ƙaramar sukuwa sai ya riƙa samun 60 zuwa 65 a kai a kai. Ku zauna tare ku bi takardar layi-layi, ku ware motsi biyu da suka fi ƙarancin maki, su zama aikin watan da ke biye. In kun yi bidiyon gwaji kafin nan kuma kuna son in duba, ku aiko, ku tabbatar an ɗauki tafiyar nan ta sakakkiyar ragama da kyau, domin ita zan fara kallo.